Me ya sa sai a lokacin?

Duk wanda ya ce muku abu ɗaya ne ya haddasa wani babban al'amari a tarihi, ku tambaye shi: to me ya hana abin faruwa tun kafin nan? Yawanci a nan bakinsa ke mutuwa.

Sau nawa muka ji ana cewa yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka tilasta wa Jamus sa wa hannu bayan ta sha kaye a yaƙin duniya na ɗaya, ita ce ta ɗora Hitler kan mulki? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An ƙwace wa Jamus yankuna, an taƙaita sojojinta zuwa dubu 100, an lafta mata diyyar yaƙi, Jamusawa kuwa sun ƙullaci abin. Amma a zaɓen 1928, shekara tara da sa hannu, kashi 2.6 cikin ɗari jam'iyyar Hitler, wato Nazi, ta samu, kujeru 12 kacal a majalisa. Yarjejeniyar na nan, ɓacin ran na nan, Hitler na ta kumfar baki, jama'a ko kallo bai ishe su ba.

Sai kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe a Oktoban 1929. Bankunan Amurka suka shiga janye rancen da Jamus ta jingina da shi, masana'antu suka rufe, marasa aikin yi suka kai wajen miliyan 6 a 1932. A Yulin shekarar Nazi ta kwashi kashi 37, kujeru 230. Huɗubar ba ta sake ba, aljihun masu saurare ne ya bushe.

Masu son gajeren bayani sai su ce shi ke nan, talauci ne. A'a, da sauran rina a kaba, kuma wannan gaɓar ce ta fi damuna. A Nuwamban 1932 aka sake zaɓe, Nazi ta zubar da kujeru 34, farin jininta ya soma ja da baya. Ba ta da rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai. Tsohon shugaban gwamnati Franz von Papen ne da wasu manya suka yi ta zarya wurin shugaban ƙasa Hindenburg, dattijo mai shekara 85 wanda da ma ba ya ganin Hitler da gashi, har ya yarda ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Lissafinsu shi ne su kewaye shi da nasu mutanen su riƙe akalarsa, shi ya sa ministoci biyu kawai aka bai wa jam'iyyarsa. (Wayo ke nan wai!)

Dalilin da ya sa ba na shiri da bayanin sanadi ɗaya shi ne yana wanke irin su Papen tas. Sai a jibga laifi kan takarda ko kan kasuwa, kamar babu wanda ya zauna a ɗaki da hankalinsa ya yanke shawara. Ai suna iya ƙin naɗa shi, Hindenburg ma ya ƙi a Agustan 1932. Wannan karon suka miƙa masa, ba a cika wata biyu ba majalisa ta sallama masa ikon yin doka ba tare da ita ba, ranar 23 ga Maris.