Tauraron ɗan adam ba ya auna nauyin kurmi

Da yawa sun ɗauka cewa da zarar tauraron ɗan adam ya ɗauki hoton kurmin Kongo ko na Amazon, ya san yawan itacen da ke ciki. Ba haka ba ne. Hoto saman ganye kawai yake gani, kuma dajin da aka sare ya sake tsirowa kan yi kore shar kamar tsohon kurmi, alhali katakon da ke cikinsu ba ɗaya ba ne.

Lissafi ake yi. Masu bincike kan shiga kurmi da tef, su auna kaurin bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, su haɗa da tsawonta da nauyin irin itacenta, su fitar da ƙiyasin busasshen nauyin bishiyar. Kusan rabin busasshen nauyin nan kabon ne, wato sinadarin da bishiya ke zuƙowa daga iska ta adana a jikinta. Sannan a gwama da abin da na'ura ta gano daga sama. Na'urar GEDI ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2018, da hasken leza take auna tsayin bishiyoyi. Tauraron Biomass na Turai kuwa, da aka harba a 2025, radarsa kan ratsa ganye har ta kai ga kututture da manyan rassa.

A kurmin Afirka ta Tsakiya wuraren da aka auna da hannu kaɗan ne, shi ya sa taswirorin yankin kan saɓa wa juna.