Wa ke duba rafin bayan layinmu?

Jiya da yamma na tsaya kan 'yar gadar katakon da ke bayan layinmu a Agege, nan Legas. Ruwan baƙi ƙirin, kumfa a samansa, ledojin fiya wata sun yi dandazo a gefe. Wani yaro mai ruwa ya jingine kurarsa yana ɗauraye ƙafa a ciki. Na ce, "Ƙanena, a nan?" Ya ce, "Yaya, ai mai gudu ne, ba ya riƙe ƙazanta."

Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa kafin alwala a duba ruwa ta fuska uku: launi, ɗanɗano da wari. Ashe duba lafiyar ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kawai dai mun taƙaita shi a bakin buta. Kuma ido da hanci ba su isa ba. Ƙwayar kwalara ba ta canza launin ruwa, sai ka gan shi garai-garai alhali ciwo na ciki. Wanda yake Legas a watan Yunin 2024 bai manta yadda amai da gudawa suka kwantar da mutane ba.

Abin da nake so ba ya buƙatar digiri. Matasa huɗu ko biyar su sa kai, kowace Asabar su je wuri guda, lokaci guda. A ɗebi ruwa a farar kwalba, a ɗauke shi hoto, a rubuta kwanan wata, launinsa, warinsa, ko an yi ruwan sama a daren, ko akwai kifi da talibambam ko kuwa tsutsa ce zalla. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta canza launi, ta nuna tsamin ruwa. Ruwa ba ya tsami banza: in rafi ya yi ja duk safiyar da aka yi yanka, ko ya yi shuɗi sau ɗaya a mako, littafin zai nuna, sai a bi sawu zuwa sama. Da littafin wata shida a hannu za a je wa LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, ba da surutun majalisa ba.

Na san abin da za a ce: mu baƙi ne, neman kuɗi ya kawo mu. Haba! Kasuwar shanu ta Kara a bakin kogin Ogun take, kogin da matatar ruwa ta Iju ke ɗiba, wadda aka buɗe tun 1915. Mahautanmu suna mayankar Oko-Oba, jarkokinmu kuwa suna kowane lungu. Duk ranar da ciwo ya ɓarke, mai ruwa ake fara nunawa da yatsa, ko da laifinsa ko babu.

Ni dai na wanke kwalba biyu, na sayi littafi. Asabar bayan sallar asuba ina kan gadar. Yaron nan ma ya ce zai zo, in dai zan sai masa shayi.