Jajayen duwatsun Jodan da hotunanmu

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Masu ziyararmu sun dawo lafiya daga ƙasar Jodan, godiya ga Ubangiji. Tun daga ranar hotuna ke ta shigowa zauren WhatsApp na majami'armu a Agege, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Duk wanda ya bi hanyar hamada daga Amman zuwa Akaba ya san abin da ido ke gani. Mota ta yi ta gudu cikin fili fetal, sai can kudu, wajen Wadi Rum, duwatsu su miƙe daga cikin yashi, jajawur, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. Masana sun ce ƙarfen da ke cikin dutsen ne ya yi tsatsa ya ba shi launin, iska da ruwa kuma suka sassaƙa shi sannu a hankali. Gaskiya ne. To, wa ya sa ƙarfen, wa ya aiko iskar? A Ayuba 38 Allah ya tambayi bawansa inda yake sa'ad da aka kafa harsashin duniya. Ayuba ya rufe baki.

Mu kuwa fa? Fuska ta cika hoto, sabuwar shadda, baƙin tabarau, dutsen yana can baya da ƙyar ake hangensa. Wata Mama a zumuntar mata ce kaɗai ta dawo ba hoto. Ta ce da suka sauka daga mota gwiwoyinta suka yi sanyi, ta tura waya cikin jaka, ta kama waƙar yabo, hawaye na zuba.

Wannan yanki na kudancin Jodan shi ne Edom ta dā. Annabi Obadiya ya yi wa mazauna kogwannin duwatsun nan gargaɗi, ya ce girman kansu ya ruɗe su. Daga baya Nabatawa, wata ƙabilar Larabawa ta dā, suka sassaƙa birnin Petra a jikin dutse, shekaru wajen 2000 da suka wuce. Yau kaburburansu ne baƙi ke zagayawa. Abin baƙin ciki ne mutum ya je irin wannan wuri ya dawo da fahariya.

Wanda bai samu zuwa ba, kada ya damu. Gobe da asuba, in cunkoso ya tsare ka a gadar Third Mainland, ajiye waya, dubi ruwan nan, ka yabi wanda ya shata masa iyaka. Ranar Lahadi za mu yi nazarin Zabura 104 bayan sujada, ku karanta ta kafin ku zo.