Ƙaddara ce ta kwance murfin?

Tun jiya kuke ta turo min bidiyon yaron nan da shaf ɗin tarakta ya cire wa hannu wajen sussukar masara, kowa da "ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba". Amin. To amma ku faɗa min, ƙaddarar ce ta ɗauko sifana ta kwance murfin shaf ɗin?

Shaf ɗin, wato sandar ƙarfen nan da ke fitowa daga bayan tarakta tana juya injin sussuka, sau 540 take zagayawa a minti ɗaya. Ku yi lissafi, sau 9 ke nan a daƙiƙa guda. Leɓen riga kawai take jira. Da ta kama sai ta naɗe, kafin direba ya kai hannu ga makulli aikin gama ya gama. Shi ya sa kamfani ya yi mata murfi. Mu kuma gwanaye, murfin na hana mu shafa giris da sauri, sai mu cire mu jefa bayan rumbu, ƙarshenta a hannun 'yan gwangwan.

Haka muke yi wa ƙarfen da ke saman kujerar direba, wanda ke hana mota danne shi idan ta kife. A Suwidin tun 1959 doka ta tilasta shi a kan sabuwar tarakta. A nan mai walda ake kai wa ya yanke, wai yana kama reshen mangwaro. Madalla, an ceci mangwaro.

Kar wanda ya zo min da zancen talauci. Mai tarakta ta miliyoyi ne zai rasa kuɗin murfi? Wani kuma zai ce ai ya shekara ashirin yana aiki haka bai ga komai ba. Sannu, tsohon hannu. An ce ka ɗaure raƙuminka kafin ka yi tawakkali, kai ko igiyar ka sayar.

Na je duba yaron ɗazu. Mahaifiyarsa na zaune a bakin gado tana masa fifita, shi kuma sai kallon inda hannun yake a da. Abin da ya fara tambayata shi ne ko an ƙarasa sussukar masarar. Wallahi kasa amsawa na yi, na fita waje.

Murfin nan hannun mutum ne ya kwance shi. Mai motar ya sani, direba ya sani.