Gwauraye Biyu a Ɗaki Ɗaya

Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Aikina dai a nan Jamus bincike ne a kan idon kifi. Ba irin giwan ruwan Argungu ba, wani ɗan tsito ne mai zane kamar jakin dawa, asalinsa daga kogunan Indiya, bai kai ɗan yatsa tsawo ba. 'Ya'yansa garau suke kamar gilashi, kana hango komai na cikinsu. Ni abin da nake bi shi ne furotin ɗin da ke tallafe da ƙwayoyin jijiya a tantanin bayan ido, su tubulin da plasticin da gefiltin, masu yi wa jijiya aikin da azara ke yi wa soro. Abin kuma gudu yake: kwana ɗaya da rabi da yin ƙwai jijiyoyin ido sun fara miƙa zare zuwa ƙwaƙwalwa, kwana 3 ɗan kifin ya soma gani. To amma sai da ƙwan tukuna.

Ran Litinin da yamma na zaɓi biyu na sa a ƙaramin tanki da shamaki a tsakaninsu. Ƙa'ida ita ce da safe fitila na kamawa ka zare shamakin, kafin ka gama shan shayi ƙwai sun fi ɗari a ƙasa. Na zare. Shiru. Talata shiru. Laraba na auna zafin ruwa, digiri 28.5 cif, yadda ake so. Na duba agogon fitila, awa 14 haske, awa 10 duhu, lafiya lau. Har ƙarin abinci na yi musu. Su kuwa sai bin juna suke da gudu, ni ina cewa soyayya ce ta kankama.

Ran Alhamis a taron mako, gaban mutum goma sha, na tashi da hotuna da jadawali. Na ɗora laifin a kan ruwa, na ɗora a kan ƙarar injin iska, har na ce wataƙila macen ce ta tsufa. Farfesa yana ta gyaɗa kai. Sai Iya mai kula da kifaye, dattijuwar nan da ba ta dariya, ta fita ba ta ce uffan ba, ta dawo da tankina a hannu. Ta ajiye a tsakiyar tebur, kusa da biskit. Ta sauke tabarau, ta leƙa, ta ce, "Wace ce macen?"

Na nuna na dama. Ta ce namiji ne. Na yi maza na nuna na hagu, kamar dama gwada ta nake. Ta ce shi ma. Mace cikinta fari ne a kumbure, in ji ta, namiji siriri ne mai ɗan ja-ja. Wanda na ɗauka mai ciki ne, ashe abincin da na yi ta ɗura masa ne.

Turawan dai sun daure, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takarda. Wani Bazazzage abokin aikina ne kaɗai ya fashe da dariya, har da dukan tebur, ya ce da Hausa, "Malam, gwauraye biyu ka kulle a ɗaki kana jiran ranar suna?" Sannan, don mugunta, ya tsaya ya fassara musu, har da bayanin ragon suna. Mutumin da bara ya manta bai sa maganin hana baƙin launi ba, idanun kifayensa duka suka yi baƙi ƙirin, sati biyu na aiki ya tafi a banza. Wa ya rufa masa asiri? Wa ya ba shi nasa 'ya'yan kifin? Kuma Yuro 20 ɗina na tikitin jirgin ƙasa har yau yana hannunsa. Yanzu ko a masallacin Juma'a ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Liman, yaya amare?"

Jiya dai na samu ƙwai. Iya ce ta zaɓo min kifayen, ta kuma liƙa takarda a jikin tankin da zanen kibiya.