Ga Na 125, Ya Mai Ƙirga Faɗuwar Mutane

Akwai wani bawan Allah da ya mayar da faɗuwar mutane abin ƙirgawa. Ba ya mantuwa. Ko shekara nawa aka yi, zai gaya maka ranar da wane ya yi tuntuɓe, da inda ya yi, da waɗanda suka gani. Ni ma ina cikin littafinsa, har sau uku. Duk inda aka zauna sunana ya fito, sai ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Wannan ai ya gama yawo." Ban kira suna ba, kuma ba zan kira ba. Tunda dai yana cewa ba a gaya masa komai a harkar tanis, to yau da tanis ɗin zan yi masa magana.

Goran Ivanisevic, dogon bahagon nan ɗan garin Split na ƙasar Kuroshiya, sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, sau uku yana komawa gida da farantin na biyu. A 1992, yana ɗan shekara 20, ya ja Andre Agassi har turmi na biyar, sai hannunsa ya yi rawa a ƙarshen turmin ya riƙa zubar da bugun farko. A 1994 Pete Sampras ya gama da shi a turmi uku, na ƙarshen ma 6-0. A 1998 suka sake haɗuwa da Sampras, aka yi turmi biyar, ya sake faɗuwa. Wannan ta ukun ita ta fi yi masa ciwo, don daga ita bai sake zama daidai ba. Kafaɗar hagu, wadda da ita yake cin abinci, ta fara ba shi wahala. Mutumin da ya taɓa zama na biyu a duniya a 1994 ya riƙa gangarowa kamar an tura dutse daga kan tsauni. A ƙarshen shekarar 2000, a wata gasa a Brighton ta Ingila, ɓacin rai ya sa ya karya raket (abin buga ƙwallon) uku, ya duba jaka babu saura, dole aka tsayar da wasan. A farkon 2001 ya je gasar Australian Open a Ostireliya, ko wasan share fage bai tsallake ba.

Da mai littafin nan yana wurin a lokacin, na san yatsun da zai ɗaga.

Lokacin da Wimbledon ta 2001 ta zo, Goran yana na 125 a jerin 'yan wasan duniya. Matsayinsa bai kai a sa shi cikin gasar kai tsaye ba, sai masu shiryawa suka ba shi katin alfarma saboda tarihinsa a filin. Kalmar nan ta alfarma ita ce wasu ke riƙewa kamar sun tsinci dami a kala. Ni ma da Allah ya buɗa mini a karo na huɗu, abin da aka riƙa yaɗawa ke nan, wai alfarma aka yi mini. To, katin ya shigar da Goran filin ciyawa, wannan gaskiya ne. Amma katin bai buga masa ƙwallo ko ɗaya ba. Shi ya tsaya gaban Carlos Moya, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya, ya kayar da shi. Shi ya kayar da Andy Roddick, yaro mai jini a jika, sannan Greg Rusedski, sannan Marat Safin da ke riƙe da kofin US Open a lokacin. A mako biyun nan ya yi bugun farko sama da 200 da abokan karawarsa ko taɓa ƙwallon ba su yi ba, da kafaɗar da aka ce ta mutu.

Sai wasan kusa da na ƙarshe da Tim Henman, kuma nan ne masu neman abin faɗa suke samun na cewa. Ingila gaba ɗaya tana bayan Henman, don tun Fred Perry a 1936 ba su ga ɗan ƙasarsu namiji ya ɗaga kofin ba. Ranar Juma'a Henman ya ci turmi na uku 6-0, yana gaba da biyu da ɗaya, Goran kamar ya sallama. Sai ruwa ya sauko. Babban filin ba shi da rufi a wancan zamanin, sai 2009 aka yi masa, saboda haka aka tashi. Aka dawo Asabar, Goran ya ƙwace turmi na huɗu, ruwa ya sake korar su. Sai Lahadi aka ƙarasa, ya ci na biyar 6-3. Har gobe akwai masu cewa ruwa ne ya cece shi. Ba na musun cewa ruwan ya zo masa a kan gaɓa. Amma ruwan nan a kan mutum biyu ya sauka, kowannensu ya kwana biyu da wasan a ransa, kuma ɗaya ne ya dawo da zuciyarsa a tsaye. Wanda Allah ya nufa da rabo, ko hadari yana cikin masu yi masa hidima, wannan kuwa ba abin kunya ba ne a wurin mai imani.

Saboda ruwan aka ɗaga wasan ƙarshe zuwa Litinin, 9 ga Yulin 2001. Tikitin ranar mutanen da suka bi layi aka sayar wa, sai filin da aka saba gani shiru cikin natsuwa ya cika da tutocin Kuroshiya da Ostireliya, ana ihu kamar filin ƙwallon ƙafa. Abokin karawarsa Patrick Rafter, ɗan Ostireliya, ba kanwar lasa ba ne, sau biyu yana cin US Open, 1997 da 1998. Goran ya ci turmin farko 6-3, Rafter ya rama 6-3, Goran ya sake 6-3, Rafter ya dawo 6-2. Turmi na biyar aka yi ta ja har 7-7, kafin Goran ya ci a kan bugun Rafter ya koma 8-7, bugu a hannunsa.

Wannan wasa na ƙarshe shi nake so mai ƙirgar nan ya zauna ya kalla shi kaɗai, ba a cikin mutane ba. Mutum yana tsaye a bakin layi, idanunsa sun cika da hawaye, yana ɗaga kai sama yana addu'a. Maki ɗaya ya rage masa. Ya buga, ya zubar, ya sake, ya zubar. Dama ta biyu ta zo, ya sake zubar da bugu biyu a jere, irin abin da ya kashe shi a 1992 sak. A ta uku Rafter ya ɗaga masa ƙwallo ta saman kai ta sauka cikin fili. Sau uku ke nan kofin yana zuwa hannunsa yana suɓucewa a cikin 'yan mintuna, a gaban mahaifinsa da ke zaune a sama da ciwon zuciya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri ya san abin da ƙafa ke yi, ya san yadda maƙogwaro ke bushewa. Wanda bai taɓa tsayawa ba shi ne ke da bakin dariya. A ta huɗu Rafter ya mayar da ƙwallo cikin raga, Goran ya zube a ciyawa yana kuka. 9-7. Har yau babu wani namiji da ya shiga da katin alfarma ya ci ɗaya daga manyan gasannin tanis huɗu a karawar mutum ɗaya da ɗaya sai shi.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa a kaina: ai sau ɗaya ne. Haka ne, bai sake cin babbar gasa ba, kafaɗar ma sai da aka yi mata tiyata a 2002. Amma mutum sama da dubu ɗari suka fito tarbarsa a Split, sunansa kuma yana jikin allon zakarun Wimbledon, kusa da na Sampras da ya kayar da shi sau biyu. Ina so a nuna mini allon da aka rubuta sunan wanda ya ƙirga faɗuwarsa. Daga baya ma shi ya horar da Marin Cilic har ya ci US Open a 2014, ya kuma yi shekaru yana horar da Novak Djokovic.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar shi ne Rafter. Shi ma fa a 2000 ya faɗi a wasan ƙarshe a wannan fili, ga shi ya sake faɗuwa, kuma bai taɓa ɗaga kofin ba har ya bar wasa. Duk da haka ya tako zuwa raga da ciwonsa a ƙirji, ya rungume mutumin da ya hana shi. Shi da ya yi asarar kofi ke nan. Wani kuwa da bai yi asarar komai ba don na samu, yau wata biyu ke nan, mun haɗu ido da ido sau uku, ko "barka" ta kasa fita daga bakinsa.