Sunan ɗalibi a jikin katako

Duk tsohuwar makarantar sakandare da ka shiga a nan Ingila, da wuya ka rasa manyan alluna na katako a jikin bangon ɗakin taro. An rubuta sunaye a kansu da ruwan zinare, shekara na bin shekara: shugaban ɗalibai, kyaftin ɗin ƙwallo, wanda ya samu gurbi a babbar jami'a. A wasu makarantun akwai allo na daban mai ɗauke da sunayen tsofaffin ɗaliban da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Al'adar ta wuce makaranta ma, don a filin wasan kurket na Lord's da ke Landan, ɗan wasan da ya yi bajinta sai an sa sunansa a irin wannan allo.

Na taɓa tsayawa na kalli wani dattijo yana ƙara sunaye a makarantar da 'yata take, lokacin hutun ƙarshen shekara. Ya ja layi da alli, ya ɗauko wata siririyar sanda mai ƙulli a kai ya jingina ta da katakon, ya ɗora hannunsa a kanta don kada ya yi rawa. Da wani irin danƙo ya fara rubuta haruffan, ya jira ya ɗan sha iska, sannan ya manna fallen zinare wanda saboda rashin kauri ko numfashi kan iya ɗaga shi. Da ya share da auduga, sai ga suna ya fito. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake ta duban sunayen sama, yana kwaikwayon hannun wanda ya rubuta su tun kafin a haife shi, don kada nasa ya fita daban. Kuma ƙasan allon fili ne fetal. An bar shi ne domin yaran da yanzu ko tatata ba su fara ba.

To mu dawo gida. Idan ana maganar makarantar da ta cancanci irin wannan allo a Najeriya, Zariya ce kan gaba. Kwalejin Barewa ta fara ne a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta zauna a Zariya a 1949. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello a zamanin Katsina suka yi ta. Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk 'ya'yanta ne. Ga Alhudahuda a cikin birni, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962. Mun iya tunawa da manya, wannan kam ba a ƙwace mana ba; gidajen kwanan ɗalibai na Barewa ma sunayen irin su Bello Kagara da Nagwamatse suke ɗauke da su. Amma yaron da ya fi kowa lissafi a ajinsa, ya gama, ya zama malamin firamare a Giwa ko Soba har ya yi ritaya, ina aka ajiye sunansa?

Allon da muka saba gani a makarantunmu shi ne na ofishin shugaban makaranta, mai jerin waɗanda suka riƙe kujerar daga shekara kaza zuwa kaza. Na biyu shi ne dutsen da ake mannawa a bango, wai mai girma wane ne ya buɗe wannan gini. Ɗalibi kuwa rabonsa banar talla ce ta leda. Sakamakon WAEC ko JAMB na fitowa, makarantun kuɗi za su buga hotunan yara a rataya a bakin ƙofa, rana ta dake ta, damina ta wanke ta, kafin shekara ta zagayo fuskokin sun koɗe, mai shayi ya samu abin tare iska. Wannan talla ce ake yi wa iyaye, an ari fuskar yaro an ja kasuwa da ita.

Kada a ce na zauna a ƙasar Turawa na fara raina gida. Su ma nan abin yana ja da baya. Makarantu da yawa sun koma manna haruffan roba da inji ke yankawa saboda sun fi araha, masu rubutun hannu kuma ƙaruwa ba sa yi. Sannan allunan da suka fi ƙawa a makarantun 'ya'yan masu hali suke. Mu kuwa hannun yana nan da ransa. Garin Zariya da shahararren magini Babban Gwani ya gina masa Masallacin Juma'a, garin da ake yi wa babbar riga aiki da allura har ta yi watanni a hannun maɗinki, ba zai rasa mai rubuta suna a katako ba. Dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani: masassaƙi ya fafe, ya goge, mai zayyana ya zauna da alƙalami da tawada kala-kala ya ƙawata shi, a riƙa zagayawa da yaro gidan dangi ana sa masa albarka. Karrama ɗalibi da katako ba baƙon abu ba ne a wurinmu, makarantar boko ce kawai ba ta gaje shi ba.

Na san abin da wani zai ce: rufin aji na yoyo, yara na zaune a ƙasa, kai kana zancen allon ado. Gaskiya ne, kuma ban ce gwamnati ta sa shi a kasafin kuɗi ba. Aikin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ne, waɗanda abin da suke kashewa a abincin taron shekara ɗaya ya isa ya sayi katakon ya biya kafinta har da canji.

Sai dai kada a kwafo na Turawa ido rufe. Su ba su san gara ba, ba su san hunturun da ke tsaga ƙofa ba. A nemi maɗaci wanda ya bushe sosai, a shafa masa maganin gara, a rataye shi da ɗan rata tsakaninsa da bango, nesa da taga. Ba dole sai zinare ba, fentin mai fari ko ruwan ɗorawa ya wadatar, in dai mai rubutun ƙwararre ne irin masu yi wa manyan motoci ado. A kuma riƙe mutum ɗaya yana zuwa duk shekara, yana tafe da yaronsa yana koyo.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen zaɓen suna. Ranar da aka sa ɗan shugaban ƙungiyar iyaye ko ɗan wanda ya ba da gudummawar katakon, allon ya tashi aiki. A rubuta ƙa'idar a saman allon kanta, na ɗaya a jarrabawar fita, ko gwanin hadda, ko zakaran gudu, yadda duk malamin da ke riƙe da rajistar maki zai iya tashi ya ce ba wannan yaron ba ne.